Keken Jikar Farfesan Santsi

Duk ƙauyen da Allah ya so da arziki yakan ba shi mutum irin Aulis Karppinen. Mu a Kelovaara guda ɗaya aka ba mu, kuma ya ishe mu har da saura.

Aulis masani ne. Babu takardar da ta ce haka, amma shi da bakinsa ya sha faɗa mana, kuma dattijo mai shekara sittin da takwas ai ba zai yi wa kansa ƙarya ba. Shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu. Ranar da ya yi ritaya ya kafa allo a ƙofar rumfar bayan gidansa, ya rubuta "Ɗakin Bincike". Abin da ake bincike a ciki kuwa kaki ne, wanda muke shafa wa ƙasan katakon zamiya da muke ɗaurawa a ƙafa, don ya yi gudu a kan dusar ƙanƙara. A garinmu mutum ya fita ba hula a yafe masa, amma ya fita da katako ba kaki, har jikokinsa sai an yi musu gori.

Kowa a kanti yake sayen nasa. Aulis dafa nasa yake yi da ƙaron itace, kitsen barewa, guntayen kyandir ɗin coci, da wani abu na huɗu da ya ce sai bayan ransa duniya za ta sani. Warinsa dai tuni duniya ta sani. Mun laƙaba masa Farfesan Santsi, ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa matarsa ta ɗinka masa sunan da jan zare a bayan rigar sanyinsa.

Shekara arba'in yana shiga gasar zamiya ta ƙauye da wannan kaki, shekara arba'in yana zuwa na ƙarshe. Kakin nan kama ƙanƙara yake kamar ƙanzo a gindin tukunya. Akwai shekarar da dusa ta yi ta taruwa a ƙasan katakonsa har ya iso wurin ƙarewa ya fi yadda ya tashi tsawo. Ya sauko daga kan tulin, ya gyara gashin baki, ya yi mana bayani.

"Ƙanƙarar bana ba ta da inganci. Kakina don ƙanƙara ta gaske aka yi shi, irin ta zamanin iyayenmu. Ranar da ta sauko za ku zo har gida ku ba ni haƙuri."

Matarsa Sirkka kuwa ta ci gasar mata sau uku tana budurwa. Sirkka sau biyu take magana a mako, kuma ba ta ɓarnatar da su a kan Aulis.

A watan Maris 'yarsu Outi ta zo daga birni da jaririyarta Hilla, 'yar wata huɗu. Kamar kowane ɗa mai tarbiyya, Hilla a waje take barcin rana, cikin kekenta na tura jarirai, an naɗe ta a fatar tunkiya, sanyi na ɗan taɓa mata hanci. Matsalar ita ce sai an tura keken take rufe ido. Bana kuwa dusa ta kai gwiwa, taya na shiga take nutsewa. Kwana tara Hilla na tsala ihu, kwana tara Outi na yawo a gida da ido kamar garwashi.

Sai Farfesa ya miƙa hannun taimako. Outi ta san hannun nan. Shi ne ya gyara mata keke tana 'yar shekara goma, keken da daga ranar hagu kawai yake juyawa. Amma gajiya ta ci ƙarfinta.

"Baba, ranar Asabar, awa biyu. Ka tura ta ta yi barci, ka dawo mini da ita. In ko gashi ɗaya na kanta ya karkace, ba ka ƙara ɗaukarta sai ta yi ƙafar da za ta iya guje maka. Ka ji ni?"

A nan ba zan zolaye shi ba. Aulis na son yarinyar nan fiye da kakinsa. Tun da aka kawo ta yake leƙen ɗakin, yana goge hannu a wando, ana ce masa ya je ya wanke ƙaro tukuna. Awa biyun nan sun fi masa kofin gasa.

Mutum irina da irinka da sai ya ɗauki shebur ya share hanya. Masani ba ya haka. Ranar Juma'a da rana ya ja keken zuwa Ɗakin Bincike, ya kwance tayoyin huɗu. Birkin yana haɗe da na baya, don haka ya bi su cikin kwali. Ya sauko da tsofaffin katakan Sirkka daga bango, waɗanda ta ci gasa da su, ya sa zarto ya rage musu tsawo, ya ɗaure su a ƙarƙashin keken. Ya rataya ƙararrawar barewa a gaba, ya kafa 'yar tuta a baya, ya rubuta "Karppinen Lamba Ɗaya" a gefe. Sannan ya lafta kaki har shafi uku, ya shigo da abin cikin zaure don iyali su yi kallo. Hilla ta yi atishawa sau biyar a jere.

Outi ta tsaya tana dubawa.

"Baba, ina tayoyin? Ina birki?"

"Birki tsoro ne da aka ƙera da ƙarfe, 'yata. Mai ilimi ba ya buƙatarsa."

"Wane kaki ka shafa?"

"Nawa mana!"

"Au, naka? To shi ke nan."

Ta tafi ta kwanta hankalinta kwance. Aulis ya juya ya ce wa Sirkka, "Kin gani? Jini ba ya ƙarya, yarinyar ta san aiki." Sirkka ta dubi guntayen katakanta, ta dubi jaririyar da ke murza hanci, ta adana maganarta.

Da safiyar Asabar, yana gaban madubi yana aske gemu yana maimaita jawabinsa, Sirkka ta daɗe a zaure tana shirya shimfiɗar keken. Ƙarfe goma sha ɗaya ya ɗaura nasa katakan, waɗanda su ma suka sha kaki, ya kama hanya. Da ƙyar yake ɗaga ƙafa kamar kullum, amma keken da yatsa biyu yake tafiya. Hilla ta yi barci tun kafin su wuce gidan na uku. Abin ya ba shi mamaki, sai dai Farfesa ba ya nuna mamaki a bainar jama'a.

Shagon shan kofi na Rauha yana can saman tudu. Daga ƙofarsa hanya ta miƙe sambal ta wuce coci ta sauka kan tafki, kuma a can ƙarshen tafkin, inda kogi ke shigowa, ruwa ba ya daskarewa ko a tsakiyar hunturu. Baƙi ƙirin yake, yana hayaƙi. Aulis ya jera kekensa a layin kekunan jarirai uku da ke barci a bakin shagon, kowanne an taka masa birki. Nasa ya juya hancinsa ya fuskanci gangare, don tutar ta fito sosai ta taga. Ya kwance katakansa, ya shiga.

"Aulis, ka ɗan tokare shi da dutse mana," in ji Rauha.

Tsoho Kauko, mai kamun kifi, ya ɗago kai daga burodin kirfarsa. "Ke Rauha, bar shi. Kakin Aulis ne fa. Ko a jikin bango ka manna keken nan, a nan za ka same shi da bazara."

Aka kwashe da dariya. Aulis ya ɗan rusuna ya karɓi yabon. Ya tsaya a tsakiyar shagon, ya ba taga baya, ya soka babban yatsa a aljihun riga.

"Jama'ar Kelovaara! Shekara dubu biyar ɗan Adam na bauta wa taya. Yau, a wannan ƙauye, a hannun wani bawan Allah da kuka daɗe kuna rainawa, zamanin taya ya ƙare. Abin da kuke gani a bayana zai yi nisa. Ina faɗa muku, zai yi nisan da ba ku zata ba."

Ina wurin, kuma da idona na ga tutar ta motsa. Mu a nan ba ma katse mutum yana magana, ko da gidansa ke cin wuta sai ya kai aya. Don haka mutum goma sha biyu muka riƙe kofuna muna kallon Karppinen Lamba Ɗaya yana barin taga a hankali, ƙararrawa na kaɗawa, muna jiran Farfesa ya numfasa. Rauha ce ta karya al'ada.

"Aulis! Yarinyar ta tafi!"

Muka fito a guje. Keken ya riga ya kai coci. Fasto yana share matakala, ya cire hula ya gaishe shi kafin ya gane babu mai turawa. A bakin tafki samarin ƙungiyar zamiya na atisayen gasa, keken ya ratsa tsakiyarsu, ya wuce zakaran bara kamar yana tsaye. Ya hau kan tafki, ya miƙe sak wajen baƙin ruwa.

Aulis ya faɗa kan katakansa, ya ɗaure, ya kafa sanduna biyu ya tura da dukan ƙarfinsa. Jikinsa ya tafi, katakan suka zauna inda suke. Ya kifa da fuska cikin dusa. Ya kwance su yana kiran sunan yarinyar da wata murya da ban taɓa jin ta a bakinsa ba, ya bi gangaren rabi da gudu rabi da mirgina.

Sai wani abu ya wuce mu fuu. Sirkka ce. Ashe tun daga gida take biye da su daga nesa. Ta fizgi katakan Kauko da ke jingine a bango, ta durƙusa a kansu, ta sauka tudun nan yadda take sauka shekara arba'in da biyar da suka wuce, kallabinta na tashi. Ta wuce mijinta ba ta ko dube shi ba. Muna tsaye numfashi a ɗauke, muna ganin ɗigo biyu a kan farin tafki, na baya na cim ma na gaba. Saura taku goma a kai ruwa ta damƙi mariƙin keken, ta zauna daɓas, ta ja dusa da jikinta har suka tsaya.

Duk muka isa. Aulis ya iso na ƙarshe, karo na arba'in da ɗaya, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya durƙusa ya sa kunne a bakin keken. Hilla na barcinta, har da ɗan minshari. Dattijon nan ya fashe da kuka, hawaye na daskarewa a gashin bakinsa. Na tausaya masa ƙwarai, kuma da ya ci gaba da durƙuso da mun yafe masa komai.

Amma samarin ƙungiya sun riga sun kwanta a ƙasa suna shafa katakan keken da hannu. Zakaran bara ya ɗago kai ya ce, "Baba Aulis, don Allah wane irin kaki ne wannan? Ban taɓa ganin gudu haka ba."

Farfesa ya share ido. Ya miƙe a hankali. Babban yatsa ya koma aljihu.

"Shekara arba'in ina faɗa muku. Shekara arba'in! Yau ƙanƙara ta gaske ta sauko, ta haɗu da kaki na gaske. Duk wanda ya taɓa yi mini dariya ya matso ya taɓa katakon nan, ya ji yadda ilimi yake."

Sirkka tana kakkaɓe dusa daga siket. A nan ta kashe maganarta ta biyu ta mako.

"Na kankare kakin keken da safe. Warin yana sa yarinya atishawa. Ba komai a jikin katakon."

Babu wanda ya yi dariya. 

Outi ta iso da rigar barci a ƙarƙashin kwat, fuskarta fara fat. Ta ɗaga hular Hilla, ta duba gashin ɗaya bayan ɗaya. Aulis ya zare yatsa daga aljihu.

"Shi ke nan ko, Outi? Ba zan ƙara ɗaukarta ba?"

Ta daɗe tana kallon ƙafarsa mai safa kawai.

"Gashin bai karkace ba. Kuma tun da na haife ta ba ta taɓa barci irin wannan ba. Gobe ma za ka fita da ita, Baba. Amma kullum kafin ku fita ka lafta kakinka, shafi uku, a gabana. Mama, ke kuma kar ki ƙara taɓa shi. Kin cire wa keke birki."

Haka ake yi har yau. Kullum da hantsi za ka ga Farfesa ya dafa keken da ƙirji yana turawa, gumi na tsatsafo masa a sanyin da ke fasa itace, taku ɗari biyu a awa guda. In ya ajiye shi a kan gangaren Rauha, ko tura shi aka yi ba ya motsi. Fasto ya aiko an ɗebo masa kakin ya shafa a matakalar coci, tun daga nan ba tsohuwar da ta ƙara zamewa. Aulis yana faɗa wa baƙi cewa a ƙarshe jama'a sun gane darajarsa, kuma yana nuna musu bayan rigarsa da yatsa don su karanta.

Suna karantawa kuwa. Tun a wancan makon Sirkka ta warware jan zaren ta sake ɗinki, yanzu Farfesan Birki aka rubuta. Shi kaɗai ne bai sani ba a duk Kelovaara, don Aulis bai taɓa waiwayawa ya ga abin da ke bayansa ba.