Ranar da Na Kifar da Randar Iya Falmata

Ba zan taɓa mantawa da watana na uku a aikin dubagari ba, ko na so in manta jikokina ba za su bari ba. Zamanin Turawa ne, Haɗeja ba ta san famfo ba. Ruwanmu daga gulbi yake ko daga rijiyar unguwa, kowane gida da randarsa a inuwa. Shara kuwa jakai ke kwashe ta a mangala su kai bayan ganuwa. Mu aikinmu mu bi gida-gida, mu ga an rufe bakin salga, kwata ba ta toshe ba, sannan mu duba randa ko sauro ya hayayyafa a ciki. In muka ga tsutsar sauro, a gaban mai ruwan za mu zubar da shi.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga koyon aiki a Kano ba. An ba ni kaki, riga da gajeren wando, da dogon ludayi na ƙarfe. (Ƙafafuna a wandon nan kamar karan dawa biyu, amma ni a raina daga nan har Kafin Hausa babu saurayi kamata.) Sai dai aikin bai zama nawa ba tukuna, gwajin wata uku aka ɗauke ni. In Baturen likita ya zo rangadi ya ga ban iya ba, in tuɓe kaki in koma fadama korar tsuntsaye a gonar shinkafar babana. Ni kuwa na riga na shelanta wa unguwarmu cewa na yi sallama da fartanya.

Shugabana Malam Garba dattijo ne mai sanyin murya. Kullum abu ɗaya yake nanata mini: "Ka zura ludayi, ka ɗebo, ka ɗaga a haske, sannan ka yi magana. Cikin randa duhu ne." In ce, "Na ji, Malam." A zuciyata kuwa ina cewa idon tsoho ne ya yi rauni, ni da leƙawa ɗaya na gama.

Da bazara Baturen ya zo, gulbi ya ja baya, sai ka taka rairayi mai ƙuna kafin ka kai ga ruwa. Dogon Likita muke ce masa, yana ɗan jin Hausa. Ya ce unguwar masunta za mu shiga, kuma ni zan yi gaba. Ashe labari ya riga mu isa, kowa ya share gida ya wanke randa. Gida biyar muka shiga ban kama ko ƙuda ba. Da na ga Bature ya fara hamma, sai hankalina ya tashi. Gani nake in ban samu mai laifi ba zai ce ban san aiki ba.

Gida na shida na Iya Falmata ne, wata tsohuwa Babarbariya da mijinta masunci ya rasu ya bar ta tana sayar da bandar kifi. Ita ce kuma ungozomar da ta yanke mini cibi. Muna sallama ta dube ni sama da ƙasa, a gaban Bature, ta ce, "Lale da ɗan nan! To, yadin ne bai isa ba aka yanke maka wando a gwiwa?"

Na ji Malam Garba yana danne dariya. Na murtuke fuska na nufi randa.

Randar Iya sananniya ce, ƙatuwa a gindin tsamiya, tana zaune kan yashi mai laima, an turara cikinta da turaren wuta yadda Barebari ke yi. Na ɗaga faifan da aka rufe ta da shi, na leƙa, sai na ga abu ya motsa can ƙasa. Wallahi daɗi na ji. (Allah ya yafe mini, murna nake na kama matar da ta fara yi mini wanka a duniya.)

Na juyo na ƙame na ce, "Ranka ya daɗe, tsutsa! Cike take maƙil!"

Malam Garba ya yi gyaran murya ya ce a hankali, "Ludayi."

Iya ta ce, "Tsaya, ɗan nan, ka ji..."

Ina! Na riga na sa kafaɗa. Randa ta karkata, ruwa ya kwararo ya malale tsakar gida har takalman Bature. Sai ga wata 'yar tarwaɗa, tsawon tafin hannu, ta faɗo tana fal-fal a kan takalminsa na dama.

Wata kaza ta taho a guje, amma Iya duk tsufanta ta riga ta, ta cafe kifin ta jefa a ƙwarya ta zuba masa ruwan buta. Ba ta ko kalle ni ba. Malam Garba ta fuskanta ta ce, "Malam, gaya wa Bature, tun mai gidan nan yana da rai randar nan ba ta rabu da kifi ba. Sauro ya zuba ƙwansa, kifin ya cinye. A duba ɗan abin da ya rage."

Malam Garba ya zare ludayin daga hannuna, ya ɗebo ragowar, ya ɗaga a haske. Garau, ko ƙwaro ɗaya babu. Abin da ya fi cin raina shi ne na san al'adar nan ta masunta. Ina yaro na sha leƙa randar nan ina neman kifin da ido. Kaki ne ya goge mini ita.

Dogon Likita ya yi dariya har ya cire hular kwano yana fifita. Can ya tsaya, ya dube ni ya ce da Hausarsa mai gargada, "Kai, ka sa ludayi?"

Na ce, "Ban sa ba, ranka ya daɗe."

Ya tambayi Malam Garba ko irin wannan za a bar wa randunan mutane. Malam ya sunkuyar da kai. A lokacin har na fara jin kukan tsuntsayen fadama a kunnena.

Iya ce ta yi magana. "A'a, kada ku tuɓe masa rigar, uwarsa ta riga ta raba goro. Ni ruwana nake so. Kwana biyu ina jido da wannan bayan nawa."

Bature ya ce shi ke nan, in randa ta cika kafin la'asar in ci gaba da aiki. Na ce zan kira mai garuwa, Iya ta ce ruwan gwangwani warin kananzir yake, kuma wanda ya zubar shi zai ɗebo. Ta miƙo mini tulunta.

Sawu tara na yi. Matan da ke wanki a bakin gulbi, waɗanda na zubar wa ruwa a makonnin baya, suka bar wanki suna ƙirga mini. A sawu na huɗu santsi ya kwashe ni na zauna daɓas a taɓo, amma na riƙe tulun sama, don na san in ya fashe tawa ta ƙare. Kafin in yi na ƙarshe wata ta laƙaba mini Malam Tarwaɗa. Da sunan na yi aure, da shi na bar aiki, yanzu ma ƙaramar jikata in na hana ta abu da shi take ramawa.

Da randa ta cika, Iya ta tace sawun ƙarshe da farin ƙyalle, ta mayar da kifinta ciki. Ta zaunar da ni a tabarma, ta ɗebo mini a moda ruwan jiya da ta rage a wani ƙaramin tulu. Yau ga famfo a gidana, ga firji, amma ban sake shan ruwa mai sanyi da ƙamshi irin na modar nan ba. Wani lokaci in na tuna har ƙwalla nake yi. Allah ya jiƙan Iya, ya jiƙan Malam Garba.

Zan tashi sai ta ɗaga faifai ta ce, "Zo ka yi sallama da abokin aikinka. Ya riga ka fara dubagari, kuma shi ba a ba shi kaki ba."

Na leƙa na ce, "Sai da safe."

Tun daga ranar ban ƙara zubar da ruwan kowa ba sai na ɗaga ludayi a haske. Har yau in aka kawo mini ƙarar wani, nakan ce a bari tukuna in ɗebo in gani. Wanda ya taɓa yin sawu tara a rairayin bazara da gajeren wando ba ya saurin yanke hukunci.