An Hana Mata

Mai jaridar nan ya cuce ni, kuma ban yafe ba. Duk wanda zai zana baƙi ƙato-ƙato a shafin farko, ya tura gaskiya ƙasa da rubutu kamar ƙwan kwarkwata, ba ya tsoron Allah.

Sai da na yi jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma a layin masu shinkafa na kasuwar Mafara ni kaɗai ke karatu. Ran nan na hango jarida hannun wani direba: AN HANA MATA SAYAR DA SHINKAFA. Na fizge, na karanta wa kowa da ƙarfi. Na ɗaure ƙugu da gyale, na kwashi matan layi kaf, har da masu zuwa daga garin Morai, muka bar kaya a buɗe, sai rumfar sarkin kasuwa.

"Sarki, wa ya isa ya hana mu neman abinci?"

Ya saka tabarau, ya bi ƙananan layukan a natse.

"Hajiya, ba mata ba, ita. Mace guda ce, can wani gari, aka kama tana haɗawa da tsakuwa. Ko ke ma kina haɗawa?"

Muka koma muka tarar awaki sun yi walima.

Washegari na sayo tabarau, don ƙaramin rubutu ba zai sake ɓuyar mini ba. Amma har yau in na shigo kasuwa sai na ji, "Hajiya, yau mi aka hana muna?"

Nakan ce, "Karatu aka hana muku."