Alƙalin Dambe Mai Satifiket

Idan ana lissafin waɗanda Allah ya yi wa baiwar ido a kudancin Katsina, dole a fara da Alhaji Mahadi, sannan a ɗan huta kafin a ambaci na biyu. Dillalin taki ne a Funtua, amma wannan neman abinci ne kawai. Ainihin abin da ya zo yi duniya shi ne alƙalancin dambe, kuma bara ya gano haka, da ya je wani taron bita na kwana uku a Kaduna. Kwana ɗaya ya tafi a rajista, ɗaya a ɗaukar hoto. Ya dawo da satifiket cikin gilashi, da usur, da laƙabin Farfesan Naushi, wanda ya raɗa wa kansa a mota tun kafin a iso Zariya.

Alhaji bai taɓa ɗaure hannu ba. Ya ce shi ya sa ma idonsa ya fi na kowa, domin ba a taɓa kumbura shi ba. Satifiket ɗin kuwa ba ya rabuwa da shi. Har ɗaurin aure yana zuwa da shi, ya jingine shi a gwiwa yana fuskantar jama'a.

Bana da kaka, bayan an kai masara gida, masu shirya dambe suka sa wasan kambun masu nauyi a filin bayan kasuwar hatsi. Mai riƙe da kambun Zubair ne, Shagon Dandume, ɗan shekara ashirin da huɗu, ƙirji kamar buhun dawa. Mai nema kuwa Ɗanasabe ne, mahaucin Kafur, shekararsa arba'in da biyar. Shekara ashirin da shida yana dambe, ya zubar da maza ba iyaka, kunnensa na hagu ya mutu a fili, amma kambu bai taɓa shiga hannunsa ba. Ya yi wa mahaifiyarsa Tsohuwa alkawarin daga wannan zai kwance zare har abada, ko ya ci ko bai ci ba. Ni kaina na tausaya masa da na ga yadda yake taka ƙafa a hankali.

Alhaji ya karɓi alƙalanci da sharuɗɗa uku. Na farko, tsohon alƙalin da ya shekara talatin yana raba 'yan dambe ba shi da takarda, saboda haka ya raba kawai, kada ya yanke hukunci. Na biyu, ba wanda zai ɗaga waya ya ɗauki wasan, an sa 'yan sintiri su lura. Na uku, kyamara ɗaya ce tak, ta surukinsa Mati, mai ɗaukar bidiyon biki. Ranar wasan da safe ya ja Mati gefe ya ce masa:

"Ka ji ni da kyau. 'Yan dambe ana ganinsu kullum. Abin da duniya ba ta taɓa gani ba shi ne yadda ƙwararre yake alƙalanci. Ko sama za ta faɗo, kada kyamarar nan ta bar kaina."

Mati mutum ne mai biyayya. Ya ce to.

Bayan la'asar fili ya cika, kalangu ya ɗau zafi. Alhaji ya zauna a tebur ƙarƙashin rumfa, babbar riga ta sha sitaci, satifiket a tsaye a gabansa. Ya karɓi lasifika don ya yi gaisuwar minti biyu, ya yi ta minti arba'in.

"Jama'a, daga yau an daina alƙalancin ka-ce-na-ce a ƙasar nan. Ni idona ba ya ƙiftawa. A Kaduna an gwada mu, malamin da kansa ya ce bai taɓa ganin irina ba. Kuma ga na'ura, ga talabijin mun aro daga gidan kallon ƙwallo. In gardama ta tashi, a mayar da hoto baya, kamar yadda ake yi a Turai."

Turmin farko Zubair ya yi ta kai hannu, Ɗanasabe yana karewa. Turmi na biyu jini ya fito wa Ɗanasabe a gira. A na uku yaron ya saki jiki ya matso, sai tsohon ya sunkuya ya ɗora masa hannu a muƙamuƙi. Gwiwar Zubair ta dangwali ƙasa, ya zabura ya miƙe kafin a ƙifta ido. To a dambe, da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. Mutanen Kafur suka ce kisa. Na Dandume suka ce bai kai ƙasa ba. Tsohon alƙali ya buɗe baki, ya tuna ba shi da takarda, ya rufe.

Ido ya koma kan Farfesa. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwar wandonsa, ya ce: "Na ga komai, tun daga farko har ƙarshe. Amma don a koyi aiki, a kunna na'ura."

Mati ya matso ya ce a hankali, "Alhaji, ai ka ce..."

"Malam, kunna. Ba shawara na nema ba."

Aka kunna. Manyan kowane ɓangare suka taru gaban talabijin, na baya suka hau kan babura. Turmin farko ya nuna Alhaji yana gyara karin hula, yana duba fuskarsa a gilashin satifiket. Turmi na biyu ya nuna shi yana waya, ana jin muryarsa sarai yana cewa, "Ina kan aiki ne, ai ni ne komai a nan." A turmi na uku iska ta kaɗa, satifiket ya faɗa ƙarƙashin tebur, Alhaji ya durƙusa ya bi shi da rarrafe. Mati ya bi Alhaji, kamar yadda aka umarce shi. A daidai nan aka ji ƙarar naushi da ihun fili. Abin da ya cika allon talabijin, daga gefe zuwa gefe, mazaunan alƙali ne cikin shadda ruwan ƙwai.

Wani dattijo daga Malumfashi ya nemi a sake mayarwa baya, ko an tsallake wani abu. Aka sake. Ba a tsallake komai ba.

Ɗanasabe bai yi dariya ba. Yana tsaye, jini na bin kuncinsa, zare a hannu. In aka ce babu kisa, kambu ya zauna a Dandume, shi kuma ya riga ya yi alkawari.

Zubair ne ya ratso jama'a. Ya ɗora ƙafarsa a kan teburin alƙali, ya nuna gwiwarsa, jar ƙasa ta manne a kai. Ya ce, "Na taɓa. Baba ya kashe ni." Ya kwance kambun da hannunsa ya rataya wa tsohon. Ɗanasabe ya durƙusa ya yi sujada, ya daɗe bai ɗago ba.

Alhaji ya hura usur ya ɗauki lasifika. "Wannan shi ne daidai hukuncin da na rubuta. Na jinkirta ne don in gwada tarbiyyar yaron." Makaɗa sun riga sun bi Ɗanasabe, sai Mati kaɗai ya tsaya, yana tambaya ko ya ci gaba da ɗauka.

Bayan kwana biyu Ɗanasabe ya zo shagon Mati neman bidiyon, don Tsohuwa ta ga ranar da ɗanta ya ci kambu. Ba wani hoto a duniya sai wannan. Ya sa aka tura masa a waya haka nan. Yanzu duk baƙon da ya je gidansa a Kafur yana kunna masa, ya kara wayar a kunnensa mai ji, ya ce, "Kada ka kalla, saurara. Ka ji? Hannuna ne wannan."

Jama'a dai ba su bi shawararsa ba, kallo suke yi. Bidiyon ya zaga daga Maska har Dandume, ya haura Katsina. Alhaji Mahadi ya samu abin da ya daɗe yana nema, domin yau ba inda zai shiga a kudancin jihar nan ba a gane shi ba, musamman idan ya juya baya.