Jawabina a Jana'izar Baba Harold

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi yin jawabi a jana'izar Baba Harold ba. Na daɗe ina kula da shi a gidansa da ke unguwar Brooklyn a Amurka, ni ce wanka, ni ce magani. Tsoho ne da ya haura casa'in, hankalin yana zuwa yana tafiya, amma kullum da yamma sai na ɗora masa faifan garmaho na wani shahararren mai busa kilarinet (wata doguwar baƙar sarewa ce ta Turawa). Kiɗan jaz ne na zamanin samartakarsa. Akwai faifai ɗaya da ya fi so. Idan ya zo ƙarshe, busar ta haura sama siririya kamar za ta tsinke, sai ya kama hannuna ya ce, "Kin ji? Ni ne wannan."

Ni kuwa na yarda. Sunan da ke jikin kwalin daban ne, amma na ce ai makaɗa kan yi sunan sana'a. Har a cocinmu na unguwar Flatbush na baza labari, wai babban mutum nake raino.

Ranar jana'izar ana ruwa, kujeru duk wayam, dangi kaɗan ne suka zo. Abin ya ci min rai. Da 'yarsa Ruth ta tambaya ko akwai mai magana, na miƙe na karɓi makirfo (ba wanda ya aike ni). Na ce abin kunya ne ga Amurka a binne gwanin busa irin wannan ba ɗan jarida ko ɗaya. Na ce duniya ta yi rawa da numfashinsa, yau ta manta da shi. Ina faɗa ina hawaye.

Ruth ta taso ta dafa kafaɗata.

"Asabe," ta ce a hankali, "babana tela ne. Ko usur bai taɓa busawa ba."

Makirfon yana kusa da bakinta, kowa ya ji.

"To ai ya ce shi ne a faifan," na ce.

"A gidan rawa aka ɗauki faifan. Bayan an gama busar akwai wanda ya yi fito a cikin jama'a. Shi ne wannan. A ranar ya fara ganin mahaifiyata."

Na koma kujerata. A maƙabarta na laɓe bayan lema har aka watse. Kunyar ma da sauƙi. Abin da ya fi ci min rai, kullum nakan ɗage allurar garmahon da zarar busar ta tsaya, don in ba shi magani. Ban taɓa barin sa ya ji fitonsa ba.

Yanzu wata tsohuwa nake kula da ita a unguwar Bronx, tana cewa ta taɓa rawa da shugaban ƙasa. Nakan bar ta ta kai ƙarshen labarin, sannan in tambayi ɗanta kafin in baza labarin a coci.