Yadda Ake Ƙara Murya a Hedifon Idan Saƙon Masoyiya Ya Ƙi Fitowa

"Ka danna maɓallin ƙara murya na jikin hedifon kuwa?" in ji Anti, mai buga takardu.

"Na danna har yatsana ya yi tsami, Anti," in ji Dogo.

Wayar Dogo tana wurin mai gyara. Nas ɗin da ya yi wata bakwai yana bi kuwa yau ta turo saƙon murya, amsar tambayar auren da ya yi mata. Ya buɗe a kwamfutar ofis, ya sa hedifon mai USB, sai muryar take zuwa can-can kamar daga ƙarƙashin bargo. Eh ta ce, ko a'a? Oho.

Ɗan'uwa, in haka ta same ka, bi sawun Dogo. Na yi maka alkawari muryar za ta fito.

1. Azabtar da maɓallin
Danna sama, danna ƙasa, haɗa duka biyun. Ba zai yi komai ba, amma zuciya tana son ta ga ana ƙoƙari.

2. Cire, hura, mayar
Zare USB ɗin, hura masa iska, canza masa rami. Masana ba su san amfanin hurawar ba, amma ba a tsallake ta.

3. Nemi mai laifi
Dogo ya zargi direban da ya ari hedifon ɗin jiya, ya zargi masu ƙera shi. Kai ma yi haka. Amma kada ka kuskura ka duba inda kwamfuta take tura sautin. Wannan aikin masu busasshiyar zuciya ne.

4. Kai shi ɗari
Bar maɓallin, ka ja ƙarar kwamfutar har ƙarshe. Danne hedifon a kunnuwanka da hannu biyu, ka rufe ido. Dogo ya ji muryar ta ɗan ɗago, hawaye suka taru masa.

5. Kada ka kula kowa
Anti za ta yi ta ɗaga maka hannu. Manaja zai fito da kofin shayi ya tsaya a bakin ƙofa. Hassada ce. Maimaita saƙon sau uku.

6. Cire hedifon
Nan asirin yake. Dogo yana cirewa, muryar ta fito ras daga lasifikar da ke kan tebur, ta cika ofis har baranda. Ashe tun farko can take fita, hedifon ɗin toshe masa kunne kawai yake yi.

"Dogona, na amince," in ji lasifikar. "Amma ka daina turo mini waƙa mai shafi huɗu ina kan aiki. Kuma don Allah ka rage kuka a waya."

"Karo na huɗu ke nan," in ji Manaja. "Mun haddace."

"Ni wurin kukan ya fi burge ni," in ji Anti.

Gargaɗi: murya na yi alkawari, ga ta kuwa ta fito. Kunya, tsokana da sabon sunan da za a laƙaba maka a ofis, babu hannuna a ciki.

Dogo ya miƙe, ya share ido da hannun riga, ya dubi Manaja.

"To, tunda duk kun zama shaidu, ranka ya daɗe, gobe kada a neme ni. Zan je gaban mahaifinta."