Tumakin Baba a Ɗakin Ajiyar Lakwal

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da na yi wa mutanen garinmu wa'azin haraji. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyen da aka yanke mini cibiya, kusa da Birnin Lalle. Wando kaki, alƙalami a aljihu, kowa na ce mini Mushe, wato Malam da Faransanci (ni kuwa ina ji kamar ni na ƙirƙiro karatu).

Da lokacin ƙidayar dabbobi ya zo, Kwamanda, babban jami'in gwamnati na yankinmu, ya taso daga Dakoro da kansa, ya ce in yi wa jama'a bayani a filin lakwal. Abin nema ya samu. Na daɗe ina son a mayar da ni gari da aiki, ga dama ta zo har gida.

Na gyara murya, na ɗaga takardar kuɗi ta jikka ɗaya. Na ce wannan takarda ba a tuwo da ita, ba a tatsarta. Darajarta ita ce gwamnati ba ta karɓar jangali sai da ita. Don ita manomi ke ƙara gona, makiyayi ke kai dabba kasuwa. Haraji, in ji ni, shi ke tayar da malalaci daga inuwa. Da na ga Kwamanda yana gyaɗa kai, sai na zarce: duk mai ɓoye dabba ranar ƙidaya ɓarawon ƙasa ne.

Ban lura ba tsofaffi sun sunkuyar da kai.

Ga abin da ban gaya muku ba. Kwana biyu kafin nan, Baba ya karɓi makullin ɗakin ajiyar lakwal daga hannuna, wai zai sa hatsi. Kowa a ƙauyen ya san masu ƙidaya ba sa bincika lakwal. Kowa, ban da Mushe.

Ina cikin maimaita "ɓarawon ƙasa" sai tunkiya ta yi kuka a bayana, cikin ɗakin ajiya. Wata ta amsa. Kwamanda ya ce a buɗe, Baba ya taso a hankali ya miƙa makulli. Tumaki goma sha bakwai suka fito, da shaidar gidanmu a kunnuwansu (ɗaya ma ta cinye rabin taswirar ƙasa).

"Mushe," in ji Kwamanda, "su ma ɗalibanka ne?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

A gida Baba bai yi faɗa ba. "Gaskiyarka, haraji na sa mutum aiki," ya ce. "Tun da asuba munka yi ta jan bisashen ga." Sannan ya ƙara da cewa: "Na aurenka ne hwa."

Ranar kasuwa na raka shi sayar da uku don ya biya jangali. Kowa ya kawo nasa saboda buƙata ɗaya, masu saye suna ta yanga. Kuɗin ukun bai kai na biyu da Sallah ba. A nan na gane bayanina gaskiya ne, rabi dai na sani: takardar tana da daraja ƙwarai, amma daga jikin tunkiyar talaka ake yanko ta.

Gari dai ban koma ba, aure kuma aka ɗaga shekara guda. Tun daga ranar, kafin in kira wani ɓarawo a bainar jama'a, sai na laluba aljihu na ji ko makullina na nan.