Bawul Mai Tsaki a Beltsville

Ina sabon injiniya a wata masana'anta a Beltsville, na lura wani bawul a gindin tankin iska yana tsaki lokaci-lokaci. Nan take na yanke masa hukuncin ɓarnar iska, na toshe shi tamau. Har manaja na je na yi wa albishir.

Ashe ruwan da ke taruwa a tankin yake zubarwa. Da sanyin Janairu ya sauka, ruwan ya daskare a bututun waje, injuna suka tsaya cak. Na wuni ina jiran a sallame ni.

Aikin ya tsira, amma labari ya kai masallaci. Har yau, in na shiga walimar suna, sai wani dattijon masallacinmu, Alhaji Sani, ya ɗaga murya: "Kada a sayo ƙanƙara, Injiniya ya iso!"